Moɗa Biyu a Tukunyar Goggo

Ni dai in aka ce gem, wato wasan waya, har yau jijiyar wuyana tashi take yi. Sunana Bilqis, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a nan Tudun Gwandara cikin Lafia, kuma yara talatin da biyu nake juyawa a aji da harara kawai. Amma nawa guda biyu na gida, Ameer ɗan shekara goma da Mutmainna 'yar bakwai, sai da suka kusa mayar da ni abar tausayi a kan tsohuwar wayar babansu.

Laifin Baban Ameer ne, kuma na faɗa masa ido da ido. Ya sayi sabuwar waya, maimakon ya kyautar da tsohuwar sai ya miƙa wa yara, wai su riƙa koyon Turanci. Shi kuwa ya haye motar doya ya nufi Assakio, daga can a yi lodi a wuce kudu, sai a yi sati biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Turancin da suka koya bai wuce na mai sharhin ƙwallo ba. Ameer ƙwallo yake bugawa, yana cije leɓe yana karkata jiki kamar shi ne a filin. Mutmainna kuma wata kyanwa take yi wa wanka da kwalliya a cikin wayar, yarinyar da sai an zagaya gida sau uku da ita kafin ruwa ya taɓa jikinta.

Na kafa doka, awa ɗaya a rana. Wata malama a makarantarmu ta ce ai akwai makulli a cikin waya, in lokaci ya cika da kanta za ta rufe. Na dawo gida da ƙarfina, na latsa nan na latsa can ban gano wurin ba, sai na kira Ameer ya saita mini. Ya saita kuwa, har da zaɓa mini lambar sirri cikin ladabi. Kwana uku na yi ina yaba wa kaina kafin na gane abin da na aikata. Daga nan na koma ɓoyo. Na naɗe wayar a leda na tura cikin bokitin garin rogo. Mutmainna ta tsallaka gidan maƙwabciyarmu Maman Terver, ta ce wai Ummanta ce ta aiko a ara mata waya, ta kira lambar. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji garin rogo yana waƙa.

To wannan damuwa ɗaya ke nan, kuma ƙarama ce. Babbar tana zaune a kan tabarma a gindin mangwaro, wato surukata Goggo Dijatu, mahaifiyar Baban Ameer. Mutuniyar Keana ce, tun tana budurwa take aikin gishiri. Gwiwoyinta sun gaji, bara ta faɗi a gefen murhun dafa gishiri ta ƙone a hannu, ba kowa a gidan sai Allah ya kawo wata mata da ta zo karɓar wuta. Shi ne muka ɗauko ta muka kawo Lafia, da rarrashi da ɗan ƙarfi-ƙarfi. Ina son matar nan, ba na ɓoyewa. Lokacin da na haifi Ameer ba ni da uwa a raye, ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in, tana yi tana mini faɗa ina kuka tana dariya.

Amma zaman Lafia ya ƙi karɓar ta. Tana tsoron murhun gas, ba ta kallon talabijin, in ta ɗauki tsintsiya in ƙwace. Jakarta Gana-mas-go tana bayan ƙofa a zuge, ko zani ɗaya ta ƙi fitarwa sai wanda za ta ɗaura. Kullum da safe bayan gaisuwa sai ta ce ita ba ta ga aikin da take yi a gidan nan ba ban da cin abinci, ƙarshen wata za ta koma. Baban Ameer kuma ya bugo daga kan hanya ya ce in san dabarar da zan yi, kar in bari ta tafi. Ni ma na san in ta koma, gaban wutar nan za ta koma ita kaɗai, da gwiwoyin da ba sa ɗaukar ta.

Wata Asabar muna cikin shari'a da Ameer. Ni na ce awa ta cika, shi ya ce ai ba biyu daidai ya fara ba, biyu da minti goma sha ɗaya ne, kuma minti huɗun da na aike shi sayen magi ba sa cikin lissafi. Ina tsaye da ludayi a hannu ina tunanin ko in yi amfani da shi, sai na ji Goggo tana dariya har da tari. Ta ce ai agogon ne matsalar, abin da yake da lambobi dole a yi gardama a kansa. Ta ce in je kasuwa in sayo mata ƙaramar tukunyar ƙasa.

Na sayo. Ta huda gindinta da ƙusa a hankali, ta toshe da ɗan tsumma, ta zuba yashi, sannan ta sa hannu a jakar nan tata ta fito da ƙullin ƙasar gishiri da ta taho da shi daga Keana ba wanda ya sani. Ta danna ƙasar da yatsu, ta ɗora tukunyar a kan duwatsu uku, ta ajiye kwano a ƙarƙashi. Ta ce haka suke tace ruwan gishiri a can kafin a dafa, a zuba ruwa a sama ya bi ta ƙasar ya riƙa ɗiga a ƙasa. Ta ɗebo ruwa moɗa ɗaya ta zuba. Ni kuma da taurin kai na kafa wa agogon hannuna ido. Ɗigon ƙarshe ya faɗi a minti talatin da ɗaya. Ta sake, ashirin da tara. Ta sake, talatin cif. Matar da ba ta taɓa ɗaura agogo ba ta dube ni ta ce ko akwai sauran magana.

A nan take aka yi sabuwar doka. Moɗa ɗaya ta Ameer, moɗa ɗaya ta Mutmainna. A kan tabarmar Goggo za a buga, a gaban tukunya, ba ɗaki ba, ba bayan gida ba. Ɗigo yana tsayawa waya ta shiga ƙugun zanin Goggo, kuma duk Lafia ban ga mai ƙarfin halin sa hannu a wurin ba. Abin ya zo mini daidai, don yaran suna dawowa ƙarfe biyu, ni kuwa sai biyar saboda lesin, lokacin ya kamata a ce sun ci abinci, sun yi aikin gida, sun wuce Islamiyya.

Ameer ya gwada sa'arsa a ranar farko. Ya matsa kusa da ita yana kiranta amaryarsa, irin wasan jika da kaka, yana cewa ai mace ta gari ba ta hana mijinta ƙarasa wasan ƙarshe. Ta ce masa maigida ya yi haƙuri, ita tana son sa, amma tukunya ba ta san miji ba. Ta zare wayar ana gab da bugun fanareti. Na ji labarin da yamma na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Sati biyu gidana ya zama abin kwatance. Na cika ofishin malamai da labari har suka fara gudu in na shigo. Abin da ya fi faranta mini rai ma ba na yaran ba ne. Wata safiya na ga zannuwan Goggo shanye a igiya, jakar kuma a buɗe, ta zama wurin ajiye albasa. Maganar ƙarshen wata ta mutu. Da Baban Ameer ya bugo na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an ba tsohuwa muƙami.

A sati na uku abubuwa suka fara wari. Kullum in na dawo cajin wayar ya mutu murus. Aikin gidan Ameer rabi da rabi, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Malamin Islamiyya ya aiko cewa yaran nan sai an kusa tashi suke zuwa. Sannan Maman Terver ta leƙo ta kan katanga tana tsinkar ganye, ta ce, "Malama, wannan ƙwallo na gidanku ba ya zuwa hutun rabin lokaci ne?" Ta ce tun biyu take jin ihun 'yan kallo har bayan La'asar.

Washegari ina shigowa na wuce kai tsaye gindin mangwaro, kafin a zubar da ruwan kwanon da ke ƙarƙashin tukunya, na ɗauki moɗa na auna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Biyar da ɗan kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don gem kaɗai ba. Abin da ya ƙona ni shi ne a ce yaro ya dubi tsohuwa mai gyangyaɗi ya riƙa cutar ta a bayan idonta.

Na jira suka dawo daga Islamiyya na tsayar da su. Ban ma yi tambaya ba, don wanda ya saita mini makullin waya ba ya buƙatar shaida. Na ce wa Ameer ya ji kunya, kakarsa ta amince da shi yana ƙara ruwa in ta runtse ido. Na yi faɗa har muryata ta shaƙe. Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, shi da yake gardama a kan minti huɗu. Mutmainna ta buɗe baki, ya taka mata ƙafa, ta rufe. Na ɗauka barazana ce, na ƙara masa da jan kunne. Goggo tana zaune a wurin tana jan carbi, idonta a ƙasa. Na yanke hukunci, sati guda ba gem ga kowa, waya kuma za ta riƙa bi na makaranta a jaka.

Na yi zaton zan ji daɗin satin, ban ji ba. Yaran suna dawowa su ci abinci su shige ɗaki, ko su tsallaka gidan Maman Terver kallon katun. Tukunya ta bushe a kan duwatsunta, gishiri ya yi fari a bakinta. Goggo ta koma cin loma uku ta ture kwano. Ranar Alhamis na tarar da albasa a zube a kwando, jaka ta koma bayan ƙofa a zuge. Na ce wa kaina ƙila ƙura take gudu.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki sai ga ta ta fito cikin atamfarta ta zuwa biki, da mayafi, da takalmi. Ashe ta riga ta sa Maman Terver ta kira ƙaninta Terseer mai keke Napep ya zo ya kai ta tasha. Na tsame hannu daga kumfa na durƙusa a gabanta. Na tambaye ta ko ni ce na yi mata wani abu, ko yaran ne. Na ce in don rashin kunyar Ameer ne, wallahi zan ƙara masa wata guda.

Ta ce, "Ki bar yaron nan. Ni ce nake ƙara ruwan."

Na ɗago na dube ta, kumfa tana bin gwiwar hannuna. Da farko ta so ta kare kanta. Ta ce shekara hamsin tana aikin gishiri, kuma a wurinsu mace ba ta barin tukunya ta bushe tana kallo, abin kunya ne, ana ganin ruwa ya ja baya ake ƙarawa, hannunta ne yake yi da kansa. Ta ce kuma ba a tashi a bar tukunya tana ɗiga, duk wadda ta zuba ruwa sai ta zauna, shi ya sa a can ake wuni ana hira. Na ce to Goggo, sati biyun farko ina hannun yake. Ta hau gyara bakin mayafi.

Sannan ta faɗi gaskiyar, a hankali, ba ta dube ni ba. Ta ce muddin tukunyar tana ɗiga, Ameer yana zaune ya jingina bayansa da gwiwarta, ɗumin jikinsa har sauƙin ciwo yake sa ta ji. Mutmainna kuma tana kwance a cinyarta tana tambayarta wane ɗankunne za a sa wa kyanwa. Ɗigo yana tsayawa sai kowa ya miƙe ya kaɗe riga, ita kuma ta rage daga ita sai kaji har in dawo. Ranar da ta fara, rabin moɗa kawai ta ƙara. Ta ce ta san ba daidai ba ne, amma abin da ya hana ta barci shi ne ta zauna tana jan carbi aka ja kunnen jikanta a kan laifinta, ta kasa buɗe baki don kunyar surukarta. Wadda ta yi haka, in ji ta, ba ta cancanci a ba ta amanar yara ba, gara ta koma inda ta fi wayo.

Kunya ta rufe ni, ga tausayi, ga kuma dariya tana so ta ƙwace mini, don ban taɓa jin alƙalin da yake satar wa masu laifi lokaci ba. Na kira Ameer. Ba abu ne mai sauƙi ba malamar makaranta ta ba ɗan shekara goma haƙuri, amma na ba shi, a gaban ƙanwarsa. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

Ya ce, "In na faɗa za ki karɓe mata tukunyar, Umma. In kin karɓe kuma tafiya za ta yi."

Sai Mutmainna ta ƙara da cewa kuma Yaya ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Ya harare ta, ta ce ai gaskiya ce.

Ana haka keke ya tsaya a ƙofar gida, Terseer ya yi hon ya shigo da sallama ya ɗauki jakar. Na roƙi Goggo, na haɗa ta da Allah, na ce ta bari ko ɗanta ya dawo. Na ce za a gyara dokar, ni zan riƙa auna ruwan gem in ajiye da safe, ita ta ci gaba da riƙon waya. Ta ce ta gode, amma ta riga ta sa takalmi. Ta dafa bango ta fara takawa zuwa zaure, taku ɗaya hutu ɗaya.

Sai na ji ƙarar ruwa a bayana. Ameer ne ya ɗebo moɗa daga randa ya kwarara a busasshiyar tukunyar. Ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa, hannunsa ba komai, don wayar tana cikin jakata a ɗaki. Mutmainna ta je ta zauna kusa da shi.

Ya ce, "Goggo, tukunya tana ɗiga."

Ta tsaya ba ta juyo ba. Ana jin ɗigon yana faɗawa a kwano, da sauri da sauri. Da ta juyo, faɗa ta fara. Ta ce wane irin zuba ruwa ne wannan kamar mai wanke mota, ai ya fasa ƙasar, dubi yadda take zuba kamar famfo. Ta dawo tana mita, ta dafa kafaɗarsa ta sauka a tabarma da mayafinta da takalminta, ta tura yatsu cikin tukunyar tana danna ƙasar tana cewa yaran Lafia ba su iya komai ba. Ɗigon ya koma a hankali. Ameer ya juya ya jingina bayansa da gwiwarta. Mutmainna ta ɗago ta raɗa mini ko wannan moɗar tana cikin lissafin gem, na yi mata kallon da nake yi wa 'yan aji huɗu, ta kwantar da kai a cinyar kakarta.

Terseer yana tsaye a zaure da jaka a kafaɗa, ya tambaya ko ya jira. Goggo ta ce ya ɗan jira tukunya ta tsane, ba a tashi a bar ta haka. Ya leƙa ya ga ruwan ya kusa rabi, ya ce ba damuwa, ya ajiye jakar ya jingina da bango. Na dubi tukunyar, na dubi randa, na ga ruwan cikinta bai fi moɗa uku ba. Na ɗauki babban bokitin wankina na zubar da kumfar, na nufi rijiya.